Jikan Dutse da Hancin Kakansa

Jama'a a matsa, a ba da hanya. Mai hula ya cire hula, mai kare ya riƙe karensa. Ga Mista Aubrey Thirkettle nan tafe, Majiɓincin Cocin Botolph na ƙauyen Dunnaby, Sarkin Mabuɗi, Rumbun Tarihi, dattijon da in ya yi gyaran murya a gindin hasumiya jemagun ciki ke gyara rataya. Shekara talatin da takwas ya yi yana sayar da kafet a birnin Norwich, har babu falon wani mai hali a can da bai yi rarrafe a cikinsa da tef ɗin awo a baki ba. Da gwiwoyinsa suka gaji da durƙusa wa mutane, sai ya sayar da kanti ya tattaro ya tare a ƙauyenmu, domin a gwada durƙusa masa shi ma.

Ba a durƙusa ba tukuna. Amma an ba shi mabuɗi.

Mabuɗin cocin namu na baƙin ƙarfe ne, tsawonsa ya kai kamu guda, in ya faɗo maka a ƙafa sai asibiti. Tun zamanin kakanni a ƙarƙashin tukunyar furen baranda ake ajiye shi, kowa ya sani har ɓarayi, kuma ko guntun kyandir bai taɓa ɓata ba. Ranar da aka zaɓi Mista Thirkettle majiɓinci, da ƙuri'a huɗu cikin huɗu, domin ana ruwa kuma shi ya kawo kek, ya zura wa mabuɗin igiya ya rataya a wuya. Tun daga ranar yake tafiya a ɗan sunkuye. Shi ya ce nauyin tarihi ne. Likita ya ce ya cire mabuɗin.

Cocin tsoho ne, wannan ba mai musu. Hasumiyarsa zagayayya ce, ta duwatsun ƙyastu, kamar rumbun da ya manta ya daina girma. Ƙofar kudu tana da bakan gini a samanta, mai zanen haƙoran zarto. Tagogin gefe sirara ne masu tsini, ta gabas kuwa ƙatuwa ce, wadda attajiran ulu suka sa aka fasa bango aka yi domin Allah ya riƙa ganinsu sosai. Mala'ikun katako goma sha biyu ne a rufin, bakwai da kai, biyar babu. Masu zuwa ibada ranar Lahadi mu goma sha ɗaya ne, in an haɗa da karen Rabaran.

Sai dai tsufan ya ƙara gudu a hannun Mista Thirkettle. Da ya zo, takardar da ke manne a ƙofa ta ce ginin ya shekara ɗari takwas. Yau shekararsa goma sha biyu a garin, ginin ya kai dubu da ɗari uku. Ni lissafi ne ya raba ni da makaranta, amma ko ni na san akwai ɗan ƙari a nan.

Baƙo kuwa in ya shigo, ya shigo ke nan. Bazarar da ta wuce wasu mata da miji daga Holland suka jingine kekunansu a katanga, suka leƙo neman ban ɗaki. Mista Thirkettle ya mayar da ƙofa a bayansu ya murɗa mabuɗi, ya ce saboda iska.

Ya fara da baka. Ya ce in baka zagayayye ne, tsoho ne. In mai tsini ne, tsoho ne da aka fiƙe. Ya nuna musu mala'iku marasa kai ya ce aikin Faransawa ne, ya tambaye su ko ƙasarsu tana kusa da Faransa, suka ce da ɗan nisa, ya ce to ya yafe musu. Sannan ya ja su wurin wani rami a bango.

"Ku dubi wannan," in ji shi, yana nuni da sandarsa. "Ramin kutare ne. A nan bayin Allah suke tsayawa a waje cikin sanyi, su sa ido ɗaya su kalli ibada. Shekara dubu! Ku sa hannu ku ji, har yanzu da ɗumin numfashinsu."

Iya Gotts tana can tana gyara furanni a bagadi. Shekararta tamanin da uku, a ƙauyen aka haife ta, a kwatarniyar dutsen da ke bakin ƙofa aka yi mata baftisma, kuma ba ta ɗago kai in za ta yi magana.

"Ramin bututun murhu ne," ta ce. "Mijina Wilf ya fasa shi shekarar babban sanyi. Har ya buge yatsa."

"Iya, ai abin da kutare suka fara ne Wilf ya ƙarasa."

"To."

Sai ƙarfe huɗu aka saki mutanen Holland. Sun sayi ɗan littafinsa na tarihin coci har guda biyu, ba don suna so ba, don shi ne ke tsaye tsakaninsu da ƙofa. Ban ɗaki kuwa cocin bai taɓa mallaka ba, ko a ɗari takwas ɗinsa na farko.

Amma duk wannan sharar fage ce. Zuciyar Mista Thirkettle tana can kusa da bagadi, a jikin bangon arewa, inda wani mutum-mutumin dutse yake kwance rigingine a wani ɗan lungu mai baka, hannuwansa haɗe a ƙirji. Yoyon rufi da hannuwan yara na ƙarni bakwai sun sulɓe shi kamar sabulun da aka kusa gama wanka da shi. Babu rubutu, babu suna, babu hanci. Mu dai Tsoho Kwance muke ce masa, kuma a kan cikinsa ake jera kabewa ranar bikin girbi.

Mista Thirkettle ya dube shi sau ɗaya ya gane kakansa ne.

Barde Hamo Thirkettle, in ji shi, wanda ya haye teku ya kashe Faransawa goma sha bakwai da hannunsa. Bara sun kai sittin. Kan nan da ya yi sumul, kwalkwali ne. Ɗan tudun da ke tsakanin hannuwa, ƙotar takobi ce, sauran takobin maƙiya sun sace. Doguwar rigar da ta sauka har idon sawu, sulke ne irin na manya. Abin da ke ƙarƙashin ƙafafun kuwa, wanda kowa ke gani kamar dankalin da aka taka, zaki ne. Hujja? Ya ce ranar da ya fara tsayawa a gabansa gwiwarsa ta hagu ta yi rawa. Mun san gwiwar. Tana rawa a layin gidan waya ma. Daga nan muka sa masa Jikan Dutse. Ya ji, ya ɗauka sarauta ce, har ya yi mana godiya.

Kada ku ɗauka abin duk wasa ne. A Dunnaby in ba ka da kakanni uku a ƙarƙashin ciyawar maƙabarta, kai baƙo ne, ko da kai ka gyara rufin coci da hannunka. 'Yan gari a kudu ake binne su, inda rana ke faɗawa. Baƙi kuwa sai sabon fili, can bayan tankin man ɗumama coci, kusa da inda ake zubar da ruɓaɓɓun furanni.

Ya taɓa gwada sa'arsa a wurin Iya Gotts, wadda ta san gurbin kowa a maƙabartar, na kwance da na tafe.

"Iya, shekara goma fa nake garin nan."

"Jiya ka zo ke nan, ɗan nan. 'Yan gidan Howlett lokacin yaƙi suka zo, har yanzu muna duba halinsu."

Mista Thirkettle ba mata, ba ɗa, shekara saba'in da ɗaya, ga hawan jini. Ya zagaya ya dubi bayan tankin sau ɗaya, ya dawo bai ci abincin rana ba. Washegari ya sanar da cewa shi ba kudu, ba bayan tanki. A cikin coci za a binne shi, a ƙarƙashin daɓen da ke gefen kakansa, inda duk mai zuwa gaban bagadi sai ya bi ta kansa ya karanta sunansa.

Ya auna wurin da tef ɗinsa na kafet, ya ce zai shiga har da ragowar inci huɗu. Ya rubuta abin da za a sassaƙa a dutsen kabarin, shafi uku gaba da baya. Magini ya karanta ya ce wannan sai dai a ba shi bangon kudu gaba ɗaya. Duk ranar Alhamis da la'asar yakan zo ya kwanta a wurin, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya rufe ido, yana gwaji. Iya Gotts takan yi shara ta zagaye shi. Sau ɗaya ta ɗaga ƙafarsa ta share ƙarƙashi ta mayar.

Da ya kai maganar gaban Rabaran Hesketh, sai aka samu matsala irin tamu. Rabaran mutum ne mai sanyi, coci shida yake yi wa hidima da tsohuwar mota ɗaya, kuma tun da aka haife shi bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Mu nan ba ma cewa a'a. In mutum ya kawo maka maganar banza, sai ka ce, "Kai, wannan shawara da ban sha'awa take," ka miƙa masa shayi. Ɗan gari ya san an kashe maganar an binne. Mista Thirkettle kuwa tsohon ɗan kanti ne. A wurinsa in mutum ya ce da ban sha'awa, sai a naɗe a kai mota.

"Da ban sha'awa ƙwarai," in ji Rabaran, yana duban karensa kamar mai neman agaji. "Sai dai ka san mutanen ofishi, Aubrey. Za su so wani masani ya zo ya tabbatar da zumuncin tukuna. Masanan nan kuwa, kai, ba sa zuwa ƙauye."

Rabaran ya tafi gida yana murna ya tsira. Bai san wanda ya taɓo ba. Wasiƙa arba'in da uku Mista Thirkettle ya rubuta cikin shekara biyu, kowace da hatimin zakin kakansa a sama. Yana cikin ta arba'in da huɗu amsa ta iso: wata Dakta Morag Innes, masaniyar tsofaffin kaburburan dutse, za ta biyo ta Dunnaby ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, da ƙarfe biyu.

A nan ne tsoro ya kama Jikan Dutse. Rawar gwiwa ba ta shiga takarda. Ana bukatar abin da ido zai gani. Ya zauna gaban Tsoho Kwance kwana uku yana dubansa. A na huɗu ya kai hannu zai shafa fuska don takaici, sai ya ji amsar ta cika masa tafi.

Ban gaya muku hancin Mista Thirkettle ba, don ina neman wurin da zai isa in ajiye shi. Hanci ne da yake riga mai shi shiga ɗaki. Daga goshi yake tasowa, ya yi doro a tsakiya, ya sauko yana leƙen leɓe. In zai sha shayi sai ya karkata kofi. Kakan kuwa ba shi da ko kaɗan, sai ɗan gurbi. Duk mai hankali zai ga inda matsalar take: da hancin yana nan, da kama ta fito. Ba ƙarya za a yi ba ke nan. Mayar wa marigayi kayansa za a yi.

Ya nufi garejin Clive Nudd, mai gyaran jikin mota, wanda kuma shi ke haƙa kabari in an yi rasuwa, saboda shi kaɗai ke da ƙaramar motar haƙa.

"Nudd, aikin tarihi na kawo maka."

"In motarka ce, Yallaɓai, na gaya maka ba ta da sauran tarihi. Gwangwani ce."

"Hanci nake so."

Nudd ya ajiye guduma, ya daɗe yana duban wanda ake da shi.

"Wannan ɗin bai ishe ka ba?"

An dai daidaita. Nudd ya kwantar da shi a benci tsakanin wata tarakta da tsohuwar motar madara, ya shafe masa fuska da giris, ya kwaɓa farar filasta ya lafta. Ya gargaɗe shi cewa in ya yi magana za ta tsage. Minti ashirin Mista Thirkettle ya yi bai ce uffan ba. Labari ya zaga gari. Mutane suka fito daga mashaya da kofunansu a hannu, suka tsaya a ƙofar gareji suna kallo, ba mai motsi. Wani tsoho har ya share ƙwalla, ya ce bai zaci zai ga wannan rana da ransa ba. Da aka ɓamɓare filastar, ta tafi da rabin girar dama.

Nudd ya zuba fila a gurbin da hancin ya bari a filastar, irin wadda yake cike lotsewar mota da ita, ya goge da samfefa, ya fesa fenti ruwan toka, ragowar na motar likita. Ranar Laraba da hantsi suka je suka manna da gam. Sai dai sun manta abu ɗaya. Kan Tsoho Kwance bai fi kwakwa girma ba, hancin kuwa cikakken na Thirkettle ne, ba ragi. Da aka manna, sai marigayin ya koma kamar butar shayin da aka kwantar rigingine.

"Sak," in ji Mista Thirkettle. "Nudd, dubi ikon Allah. Kamar madubi."

"Wallahi kamar madubi, Yallaɓai," in ji Nudd. "Har ƙyallin."

Ranar Lahadi duk mu goma sha ɗaya muka gani. Kare ya yi haushi. Rabaran ya tsaya a tsakiyar addu'a, ya rasa inda yake, ya koma farko. Da aka tashi kowa ya bi ta gaban Mista Thirkettle ya ce masa abin da ban sha'awa ƙwarai. Ban da Iya Gotts. Ta rataya tsumman goge-gogenta a kan hancin, ta ce daman ta daɗe tana neman ƙugiya a wurin.

Ranar Asabar cocin ya cika, abin da ba a gani ba tun jana'izar mai mashaya. Mutum sittin na ƙirga, har da waɗanda suka rantse ba za su sake taka coci ba sai an ɗauko su a akwati. An kafa teburin shayi, kek iri biyar. Mista Thirkettle ya sa kwat ɗinsa mai facin fata a gwiwar hannu, ya goge mabuɗi har yana walƙiya, ya cike rabin girar da fensir. Ya shimfiɗa jan kafet tun daga ƙofar maƙabarta har bagadi, ragowar na wani otal. Muna ta jiran baƙar mota mai direba.

Bas ɗin ƙarfe biyu saura kwata ta sauke wata guntuwar mata mai rigar ruwa da takalman roba, jaka a baya, tana cin tuffa. Ta dubi kafet ɗin, ta bi ta gefensa a kan ciyawa. Mista Thirkettle ya tare ta a baranda.

"Baiwar Allah, yi haƙuri, yau ba ma karɓar 'yan yawo. Babbar baƙuwa muke jira, Dakta guda."

"Ni ce."

"Ai na gane tun daga nesa. Gwada ki nake yi."

Ya haye mumbari ba tare da ya nemi izini ba, ya dafa da hannu biyu, ya jira har mai tari ya gama tari.

"Dakta, Rabaran, jama'ar Dunnaby, da ku magabata da ke ƙarƙashin daɓe kuna saurare! Shekara ɗari bakwai jinin Barde Hamo yana tafe. Ya bi ta gidajen sarauta, ya bi ta filayen daga, ya ɗan ratsa ta harkar kafet, yau ga shi ya dawo gida. Ni ban nemi wannan girma ba. Girman ne ya neme ni, kuma ya sha wuya kafin ya same ni, domin sau biyu ina sauya adireshi. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ƙafa shida da inci huɗu a gefen kakana. In na kwanta, kada ku yi kuka da yawa. Ku dai riƙa goge ƙafa kafin ku taka."

Ya ci gaba har minti arba'in. Dakta ba ta ji ba, domin tun a "jama'ar Dunnaby" ta kwanta rub da ciki a daɓe, ta kunna tocila tana haska dutsen daga gefe, tana jan jiki da gwiwar hannu kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. Da ya sauko ana tafi, ya zo ya sunkuya kusa da kan marigayi, ya juya fuskarsa gefe, hanci a layi ɗaya da hanci, don a kwatanta.

"To, Dakta. Kada ki ji nauyina. Gaya wa jama'a wane ne wannan."

"Limamin cocin nan ne," ta ce. "Fada. Wajen shekara ɗari bakwai. Aiki ne mai kyau, da ba ku bar ruwa ya cinye shi ba."

Aka ji cokali ya faɗi a teburin shayi.

"Dakta wasa take yi," in ji Mista Thirkettle ga jama'a. "Masana akwai barkwanci. Ga kwalkwalinsa nan ai."

"Aski ne. Suna aske tsakiyar kai su bar gefe. Matso ka ga gashin, ga shi nan a bayan kunne."

"Takobin fa?"

"Ƙoƙon hidimar coci ne. Ga gindinsa, ga bakinsa."

"Sulken!"

"Rigar limami. Wa ka taɓa gani ya tafi yaƙi da ado a bakin hannun riga?"

"To zakin?"

Ta matsar da tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ban sani ba. Ya yi kama da dankali."

Mista Thirkettle bai faɗi ba. Shi ba mutumin da ake kayarwa da hujja ba ne. Ya ɗaga sanda ya nuna abin da ya rage masa, wanda ke tsaye ƙiƙam a tsakiyar fuskar marigayi yana sheƙi.

"Hancin fa? Ki dubi nasa, ki dubi nawa. Ilimi ya yi mana bayanin wannan in ya isa!"

Dakta ta ƙwanƙwasa hancin da farce. Ya yi ƙara irin ta murfin bokiti. Ta sunsuna.

"Fentin wace mota ce?"

"Ta likita," in ji Nudd daga baya, kafin ya tuna ba shi aka tambaya ba.

Ta zaro ɗan littafi ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce za a turo wanda zai cire shi a hankali, kuma kada kowa ya sake kusantar dutsen da gam, ko fenti, ko kabewa. Rabaran ya yi ja har kunne, ya ce lallai, lallai, daman abin yana ransa.

Da wani ne, da nan zai ɗauki hularsa ya tafi gida ya ja labule. Mista Thirkettle kuwa ya tsaya yana lissafi, muna ganin lissafin yana kai da komowa a goshinsa. Can sai fuskarsa ta washe, ya buɗe hannuwa.

"Madalla! Jama'a, kun ji da kunnenku daga bakin ilimi. Ashe ba jinin yaƙi ba ne a jikina, jinin tsarki ne. Daman ina ji. Shi ya sa ban taɓa son farauta ba. Fada Hamo Thirkettle, kakana, bawan Allah, wanda ya tsaya a wannan bagadi ya..."

"Aubrey," in ji Iya Gotts, tana yanka kek. "Limaman wancan zamanin ba sa aure."

Na rantse har mala'ikun rufi masu kai sai da suka leƙo.

Mista Thirkettle ya juya. Ya dubi daɓen nan nasa, wanda ya auna, ya kwanta a kai Alhamis ɗari da wani abu har wurin ya fi sauran sheƙi. Dakta ta riga ta kashe tocila, ta ɗauko kyamara tana neman hasken taga. Ya durƙusa kusa da ita, mabuɗi ya bugi daɓe, ya rage murya. Abin da ya manta shi ne, magina na da sun gina wurin ne don in liman ya yi raɗa a bagadi a ji shi a bencin ƙarshe.

"Dakta, tsakanina da ke. Mutum ai mutum ne. Ga sanyin ƙasar nan, ga gidan liman a keɓe, shi kaɗai. Ba za a rasa wata mai dafa masa abinci ba, ko mai wanki, wata baiwar Allah mai tausayi. Irin wannan yana faruwa. Ina ji a jikina ya faru. Ba sai kin ce tabbas ba. Ki rubuta mai yiwuwa ne kawai, cewa marigayin ya ɗan yi kuskure sau ɗaya, kuma ni ne kuskuren."

Mutum sittin suka zuba ido a kofunan shayinsu. Rabaran ya toshe kunnuwan karensa.

Shirun ya ƙara wa Mista Thirkettle ƙarfi. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya shiga tsakaninta da taga, muryarsa ta dawo ta mumbari.

"Ki dubi girman abin, Dakta! Shekara ɗari bakwai gidanmu yana ɓoye wannan sirri, yau ga ni na yarda in ɗauki kunyar ni kaɗai saboda tarihi. Wane namiji ne a garin nan zai yi haka? Me za ki ce?"

Dakta Innes ta gyara kyamararta.

"Ko shi ya haife ka da kansa, Yallaɓai, an daina binne mutane a cikin coci tun kakanka na gaske bai yi haƙori ba. Matsa, kana tare mini haske."